Jan Kogi da Tafkin da Ke Kwance Ƙarƙashinsa

Daga mahaɗar wasu ƙananan koguna biyu tsakanin garuruwan Wahpeton da Breckenridge a Amurka, zuwa inda yake zuba a Tafkin Winnipeg cikin Kanada, Jan Kogi na Arewa tafiyar kilomita 885 yake yi. A duk tsawon nan, gangaren da yake samu bai wuce mita 70 ba. In ka raba, santimita takwas ke nan a kowace kilomita. Kusa da iyakar ƙasashen biyu, wajen Drayton da Pembina, ko uku ba ya kaiwa. Ruwan da bai sami gangare ba kuwa sai ya yi ta kwane-kwane, har tsawon kogin ya kusa ninka tazarar da tsuntsu zai yi a miƙe. Shi ne ya raba jihar Dakota ta Arewa da ta Minnesota, ya ratsa Fargo da Grand Forks, ya shiga lardin Manitoba ta Emerson, ya haɗu da Kogin Assiniboine a tsakiyar birnin Winnipeg.

Ni mutumin ƙasar Haɗejia ne, kuma karatun ƙasar noma ne ya kai ni Winnipeg. A wajenmu ambaliya 'yar damina ce. Sai sama ta yi ta zuba a Agusta da Satumba, a ji an ce ruwa ya taso daga wajen Tiga da Challawa, sannan fadama ta cika. A can kuwa ruwa yana cin gari a watan Afrilu, rana tarwai, babu ko ɗigo daga sama, mutane sanye da rigunan sanyi suna ɗaukar buhun yashi da yatsu sun ƙage.

Mutanen wurin suna kiran ƙasarsu kwari, amma duk wanda ya tsaya a tsakiyarta ya duba gabas da yamma ba zai ga tudu ba. Ƙasan tafki ce. Lokacin da ƙanƙarar da ta rufe arewacin nahiyar ta fara ja da baya, shekaru fiye da dubu goma da suka wuce, ruwan da ya narke ya rasa hanyar fita arewa, don ƙanƙarar tana nan ta tare. Sai ya taru ya zama tafkin da ya fi dukan manyan tafkunan Amurka ta Arewa na yau faɗi in an haɗa su. A 1879 wani masanin duwatsu, Warren Upham, ya sa masa sunan Louis Agassiz. Tafkin ya tsiyaye gaba ɗaya shekaru kusan dubu takwas da suka shige, ya bar laka mai kauri shimfiɗe sumul, ya bar tsofaffin gaɓoɓinsa na yashi da tsakuwa can nesa a gefe biyu. A kan wannan shimfiɗa Jan Kogi ya ja layinsa. A shekarun koguna yaro ne ƙarami, bai daɗe da zai haƙa wa kansa kwari mai zurfi ba. In ya tumbatsa, babu abin da zai tare shi sai bakin titi ko hanyar jirgin ƙasa. Tsohon tafkin ne yake komowa wurinsa na 'yan makonni.

Lakar nan ita ce arzikin wurin. Baƙa ce wuluk a sama, tana ba da alkama da dankalin Turawa da waken soya da saiwar da suke matse sukari daga cikinta. Amma in ta jiƙe, Allah ya kiyaye. Ka shiga gona da takalmin roba, taku goma sai ka ji kowace ƙafa ta yi nauyi, ka ɗaga ka ga dunƙule ya naɗe takalmin, kuma karkaɗewa ba ta fitar da shi, sai an sa itace an kankare. Ƙasa irin wannan ba ta shan ruwa da sauri ko da zafi ake yi, balle a ƙarshen hunturu da take daskare zurfin mita guda ko fiye.

Sai babbar matsalar: kogin arewa ya nufa. Ɗumi daga kudu yake fara shigowa, dusar ƙanƙara ta narke a Wahpeton da Fargo alhali a Manitoba kogin yana nan a daskare, har masu kamun kifi suna shiga kansa da mota. Ruwan kudu ya taho ya iske hanya a toshe. Yana tafe kuma narkewar tana biye da shi, kowane rafi yana ƙara masa nasa a daidai lokacin da yake wucewa. Na tsaya kan gada a Winnipeg na ga ranar da ƙanƙarar kogin ta tsage. Falle-falle ne masu faɗin fili, suna tafiya a hankali, suna gogar ƙafar gada da wani irin gurnani da kake ji a tafin ƙafarka. Inda kogi ya yi kwana sai su hau kan juna su cushe, ruwan baya ya tashi mita guda ko biyu cikin 'yan awoyi. Saboda haka ne gwamnatin lardin take tura wasu injuna masu iyo su farfasa ƙanƙarar kogin arewa da garin Selkirk tun ƙarshen hunturu. Akwai ma wani abu da ba a gani da ido: ƙasar arewa, wadda nauyin ƙanƙarar dā ya danne, har yanzu tasowa take yi a hankali, ɗan gangaren da kogin yake da shi yana ƙara raguwa.

Ba kowace shekara ba ce. Sai abubuwa sun haɗu: ruwan sama mai yawa a kaka ya ƙosar da ƙasa, sanyi ya kama ta a jiƙe, dusa ta zuba da yawa, ɗumi ya yi jinkiri sannan ya zo gaba ɗaya, ko a sami ruwan sama a kan narkewar. A yawancin shekaru kogin malalaci ne, ruwansa ƙasa-ƙasa, yana tafiya kamar ba ya so, cike da manyan tarwaɗa da masu ƙugiya suke zuwa nema a Lockport daga nesa. Wannan sanyin halin nasa shi ke sa mutum ya gina gida a bakinsa.

'Yan asalin ƙasar, Cree da Ojibwe da Dakota da Nakoda, sun yi shekaru dubu shida suna haɗuwa a mahaɗar kogunan nan biyu inda Winnipeg take yanzu, suna ciniki da kamun kifi, ruwa ya zo su ɗaga, ya janye su komo. Zaman dindindin da gini ya zo ne da fataucin fatu. A 1811 kamfanin Hudson's Bay ya ba wani basaraken Sikotlan, Lord Selkirk, makeken yanki, a 1812 manomansa na farko suka iso. Suka tarar da Metis, 'ya'yan fataken Faransa da Sikotlan da matan ƙasar, masu farautar ɓauna da amalanken katako. Da ba don Sarki Peguis da mutanensa na Saulteaux sun ciyar da baƙin nan sun nuna musu farauta ba, da hunturun farko ya gama da su. Gonakin da aka yanka tsukakku ne dogaye, kowace ta sa goshinta a bakin kogi ta miƙe baya mil biyu, don kowa ya sami ruwa da itace da hanyar kwalekwale. Ma'ana dai kowane gida yana bakin ruwa.

A watan Mayun 1826 kogin ya nuna musu ko shi wane ne. An yi kaka mai ruwa, hunturu mai tsanani da dusa mai zurfi, ɗumi ya makara. Da ƙanƙara ta ɓalle sai ta yi awon gaba da gidaje da rumbuna da shinge. Alexander Ross, wanda abin ya faru a idonsa, ya rubuta yadda gidaje suka riƙa wucewa a kan ruwa da karnuka da kyanwoyi a kansu. Jama'a suka gudu da dabbobinsu zuwa 'yan tuddan da ake da su, Birds Hill da Stony Mountain, suka zauna can har Yuni. Masana sun ƙiyasta ruwan da ya wuce ta wurin da kimanin mita 6,400 mai cubic a daƙiƙa, kuma har yau ba a sake ganin irinsa ba. Baƙin da aka kawo daga Suwizalan da tsofaffin sojojin haya suka ce sun gaji, suka tattara suka nufi kudu cikin Amurka. Gwamnan kamfanin, George Simpson, ya ga abin da ruwa ya yi wa sansaninsa na Fort Garry, ya sa aka gina wani na dutse kilomita 30 da ɗoriya a arewa, inda gaɓa take da tsayi. Yana nan har yau. Sai dai ciniki ya ƙi binsa can, dole aka komo mahaɗar aka sake gini. Ruwa ya komo a 1852 da 1861.

Wurin da na fi tsayawa a tarihin nan shi ne batun jirgin ƙasa. Da za a shimfiɗa layin dogon da zai ratsa Kanada, babban injiniyan aikin, Sandford Fleming, ya bincika labarin ambaliyoyin nan uku, ya ba da shawara a 1879 cewa a ƙetare kogin a Selkirk, a bar Winnipeg. Dalilinsa a fili yake. Attajiran Winnipeg kuwa sun riga sun sayi filaye, suka san in dogo ya wuce su sun mutu. Suka yi wa kamfanin jirgin tayin fili kyauta, da dala 200,000, da yafe haraji har abada, suka gina gada da kuɗin gari. A 1881 layi ya biyo ta Winnipeg. Kogin kuma ya taya su: ya yi shekaru masu yawa bai yi wa birnin babbar ɓarna ba, har waɗanda suka ga 1861 suka ƙare, garin ya zama cibiyar cinikin alkama ta yammacin ƙasar. Ba na ganin wautarsu. Sun yi lissafin shekaru ashirin, lissafin kuma ya fita. Jikokinsu ne suka biya.

Suka biya a 1950. Daren Juma'a 5 ga Mayu, ana ruwa da iska, jinga takwas suka karye a birnin. Kogin ya kwana 51 sama da layin ambaliya, ya kai ƙafa 30.3 a ma'aunin da ke titin James, wanda da shi Winnipeg take auna ruwanta har yau. Gidaje wajen 10,000 suka shiga ruwa, aka kwashe mutum kusan 100,000, sulusin garin, asibitoci da marasa lafiyarsu aka ɗora a jirgin ƙasa. Kudu da birni ruwa ya rufe murabba'in kilomita 1,400. Mutum ɗaya ya rasu a birnin, Lawson Ogg, ɗan sa-kai da ruwa ya rutsa da shi a ɗakin ƙasa na wani gida yana aikin famfo. Ruwan shekarar kuwa bai kai rabin na 1826 ba.

Wani matashin ɗan majalisar lardi, Duff Roblin, ya riƙe maganar bai sake ta ba. Da ya zama firimiya a 1958 ya ce za a haƙa wa kogin hanya ta biyu, ta zagaye birnin ta gabas. 'Yan adawa suka yi ta yi masa dariya, suka sa wa aikin suna ramin Duff. Aka fara a 1962 aka gama a 1968: kilomita 47, dala miliyan 63, ƙasar da aka kwashe mita miliyan 76 mai cubic, fiye da wadda aka kwashe a Mashigin Suez. Yawancin shekara in ka je ba abin da za ka gani sai wani faffaɗan kwari mai ciyawa da ɗan siririn ruwa a tsakiya. Tun daga 1969 aka fara amfani da shi, sunan ba'ar kuma ya zama na yabo.

Yadda yake aiki ya kamata a fahimta, don a nan rigimar take. Ƙofofin da ke sarrafa ruwan ba a bakin ramin suke ba, a cikin kogin suke, kusa da St. Norbert, manyan ƙarafa biyu kwance a ƙasan ruwa. In ambaliya ta zo sai a ɗaga su, su tare wani ɓangare na ruwan da zai shiga birni, ruwan ya taru ta baya ya yi sama har ya haura leɓen ramin. Wato kafin a tsare Winnipeg sai an tara ruwa kudu da ita. Kudu da ita kuwa akwai mutane.

Hunturun 1996 zuwa 1997 Fargo ta sami dusa inci 117. A farkon Afrilu, narkewa ta riga ta fara, wata guguwar dusa da suka sa wa suna Hannah ta ƙara lafta wata, ta karya turakun lantarki. Hukumar hasashen yanayi ta ce kogin zai tsaya a ƙafa 49 a Grand Forks, mutanen gari suka ɗaga jingarsu zuwa 52 suka ga sun bar rara. Ruwa ya kai ƙafa 54.35. Magajiyar gari Pat Owens ta ba da umarnin kowa ya fita, fiye da mutum 50,000 suka bar garin da maƙwabcinsa na ƙetaren kogi. Ranar 19 ga Afrilu, tsakiyar gari na cikin ruwa, gobara ta tashi. Motocin kashe wuta suka kasa shiga sai da aka ɗora su kan manyan tireloli, jirgin sama yana zubo magani daga bisa. Gine-gine 11 suka ƙone suna tsaye cikin ruwa, har da ofishin jaridar garin, Grand Forks Herald, wadda ba ta fasa fitowa ko kwana ɗaya ba, ta kuma ci lambar Pulitzer a shekara mai zuwa. Daga baya garin ya yi abin da ba kowa ke iya yi ba: ya sayi unguwannin bakin kogi ya rushe, ya mayar da wurin filin ciyawa, ya ja jinga baya. A bakin ruwan akwai dogon ginshiƙi da aka zana tsayin manyan ambaliyoyi a jikinsa. Sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga layin 1997.

Manitoba ta sami kwana kusan goma tana kallon abin da ke tafe. Ruwan ya bazu faɗin kilomita 40, ya rufe kusan murabba'in kilomita 2,000, har yana yin igiya in iska ta taso. Aka kwashe mutum wajen 28,000, sojoji fiye da 8,000 suka shigo. Garuruwa irin su Morris da Emerson, da aka kewaye da jinga tun bayan ambaliyoyin baya, suka zama tsibirai babu kowa ciki sai masu gadin famfo. Injiniyoyi suka lura ruwan zai iya zagayowa ta yamma ya shiga birni ta baya, aka tara duk wata katafila da ke lardin aka ja doguwar jinga wajen Brunkild cikin 'yan kwanaki, aka jera matattun motoci da tsofaffin bas-bas na makaranta a gabanta don su karya igiya. Winnipeg ta tsira, da kyar. Ste. Agathe kuwa, da ta yi jingarta ta fuskar kogi, ruwa ya shigo mata da dare ta yamma, ta cikin gonaki. Mutanen Grande Pointe, da ke dab da ƙofofin nan, gidajensu suka nutse, suka ce ɗaga ƙofa ne ya ƙara musu ruwa, binciken da aka yi daga baya kuma ya nuna an ɗaga ruwan sama da inda zai tsaya da kansa. Bayan wannan aka faɗaɗa ramin daga 2005, ya koma yana ɗaukar mita 4,000 mai cubic a daƙiƙa maimakon 1,700. A karkara kuma aka sa doka: gida sai a kan tudun da aka tara, ko cikin jinga. In ka bi babbar hanya mai lamba 75 zuwa kudu za ka ga kowane gidan gona a zaune kan ɗan tsibinsa.

Ambaliyar 2009 ina can Winnipeg, na kuma shiga layin buhu a wata unguwar bakin kogi. Aikin yana da ƙa'ida. Ba a cika buhu, rabi da ɗan ɗori ake zubawa don ya kwanta. Mutane su tsaya layi biyu suna fuskantar juna a karkace, buhu yana tafiya hannu zuwa hannu ba ya taɓa ƙasa. Mai jerawa ya kwantar da shi bakinsa a naɗe ta ƙasa, na sama ya hau kan mahaɗar biyu na ƙasa, a bi da ƙafa a tattake, a sa leda ta fuskar ruwa. Wata dattijuwa mai gidan tana zagawa da shayi. Da ta ga ina rungumar buhu ina sunkuyawa sai ta dafa ni ta ce, "Yaro, kar ka riƙe shi, juya shi kawai ya wuce. In ka riƙe, bayanka ba zai kai yamma ba." A shekarar Fargo ce ta fi shan wuya. Kogin ya kai ƙafa 40.84 ranar 28 ga Maris, abin da ba a taɓa gani ba, ɗalibai da tsofaffi suka cika babban zauren wasannin garin dare da rana suna ɗura buhuna miliyoyi, sanyi kuma yana daskarar da yashin. Garin ya tsira, ya ce ba zai sake dogara da buhu ba. Ya shiga haƙa nasa ramin mai mil 30 ta yamma, da doguwar jinga a kudu wadda za ta tara ruwa kan gonakin wasu. Ƙananan hukumomin Richland da Wilkin suka kai ƙara, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da diyya a 2020.

A ƙasa mai gangare, in ka kawar da ruwa ya tafi ke nan. A nan kuwa in ka hana shi wuri sai ya zauna a na wani, kuma ba a cika zaɓar mai ƙarfi ba. A 2011, don a rage wa Winnipeg ruwan Assiniboine, aka karkatar da shi zuwa Tafkin Manitoba ta magudanar Portage, ya gangara ya cinye garin 'yan asalin ƙasa na Lake St. Martin. Mutanen suka yi shekaru a otal-otal na birni, tsofaffi da dama suka rasu ba su koma gida ba. Zuriyar Sarki Peguis ma, wanda ya ciyar da baƙin Selkirk, suna da gonakinsu masu kyau a St. Peter's, a bakin Jan Kogi arewa da garin Selkirk. A 1907 aka shirya wata ƙuri'ar miƙa ƙasa aka karɓe wurin, aka tura su arewa bakin Kogin Fisher, ƙasa mai kwari da fadama. Sai a 1998 gwamnatin Kanada ta amsa cewa karɓewar ba ta halatta ba, ta biya diyya daga baya. Ba ta mayar da ƙasar ba. A inda aka kai su ruwa ya ci su a 2009 da 2011 da 2014, a 2022 kuma ya fitar da fiye da mutum dubu daga gidajensu, a garin da ba a yi wa jingar da ta kewaye shi ba.